Biyu, Biyu, Ɗaya

Wasiƙunsa warin banda suke yi. Har yau idan na buɗe kwalin da na aje su a ciki, ɗakin sai ya ɗauki warin kifin Bosso, matata ta leƙo ta ce in rufe abin nan kafin kyanwoyin unguwa su yi mana taro. Ba ta gidan waya suke zuwa ba. Direbobin kamyon da ke kawo banda da buhunan tattasai kasuwar Diffa yake ba, su cusa tsakanin kwalaye, ni kuma in je tasha ranar kasuwa in karɓa, in ba su tawa amsar su koma da ita. Haka muka yi da shi tun gashin kaina yana nan har ya ƙare.

Manomin tattasai ne, Babarbare, a wani ƙauye na bakin Komadugu kusa da Bosso. Na san shi lokacin da aka tura ni koyarwa lakkol ɗin ƙauyensu, ina saurayi mai ji da faransanci. Ni Bafillace ne ta wajen uba, ko da yake a Damagaram aka haife ni, kuma ban taɓa tatsar saniya ba. Wannan bai dame shi ba. Ranar da ya ji asalina ya ce Allah ya kawo masa bawa har gida, tun daga nan wasan Fulani da Barebari ya shiga tsakaninmu bai fita ba. Shi ya koya mini ajami, yana dungure mini kai kamar ba ni ne mushen garin ba, wato malamin lakkol. Da aka mayar da ni Diffa sai wasiƙa ta maye gurbin hira, kuma a waƙe muke yin ta, da Hausa, cikin ajami. Rabinta zagi ne. Shi ya yi wa sanƙona baitoci, ni in rama da yadda yake mayar da mace namiji idan yana magana. A baki kawai yake wannan tuntuɓe, idan ya riƙe alƙalami ba ka samun inda za ka kama shi.

Ni ma marubuci ne, na fitar da 'yan littattafai ƙanana, don haka na san rubutu mai kyau idan na gan shi. Nasa babban aikin shi ne abin da yake kira waƙar kogi. Ya ɗauko ruwan tun daga inda yake shigo mana ta yamma, yana biye da shi gari-gari zuwa tafkin Cadi. Kowane gari sai ya tsaya ya faɗi wanda ya fara haƙa magudana, da lokacin da aka bar jigo aka koma injin ban ruwa, da ciwon da ya naɗe ganyen tattasai har gidaje suka kwana da yunwa, da waɗanda ruwa ya ci suna ƙetarewa a kan gora. Akwai wurin da ya yi wa mata masu shanyar tattasai kirari, wanda in ka ji sai ka ga filin ya yi ja a gabanka. Bai taɓa aiko mini da ita ba. Sai na je hutu yake sauko da gafaka, ya karanta mini abin da ya ƙaru, ya mayar ya ɗaure.

Dole in faɗi yadda takardun suke, don ta nan abin ya lalace. Masu rubutun ajami ba sa ɗinke littafi. Warƙa-warƙa suke tarawa, babu lamba a jikin ko ɗaya, a sa tsakanin fata biyu a zura cikin gafaka. Abin da ke riƙe da tsarin kalma ɗaya ce tak: a gindin kowace warƙa ana rubuta kalmar da warƙar gaba za ta fara da ita. Idan iska ta watsa maka, sai ka bi kalmomin nan ka mayar da kowace wurinta. A cikin gafakar tasa, bayan waƙar, akwai kwafin wasiƙun da ya aiko mini, da nawa da na aika masa.

Shekarar da aka sake kai wa Bosso hari, ƙauyensu ya watse. Da ƙafa suka yi yamma har suka fito bakin kwalta, inda jama'a ba iyaka suka kafa bukkokin zana da tamfol a gefen hanya. Ya bar inji, ya bar iri, ya bar awaki. Gafakar kawai ya rataya a ƙarƙashin riga. A can na same shi, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa, yana zaune a inuwar da ba ta ishi mutum biyu ba. Na ce ya ba ni takardun in aje a Diffa, inda akwai rufin kwano da ƙofa.

Ya ce, "Kai bawa, mi kake gaggawa? Ruwan bai kai tafki ba tukuna. In na kai shi, ka zo ka ɗauka, ka kai inda ake aje irin wannan."

Na ce to ya yi mini alkawari.

Ya ce, "Ni zan mutu, kai za ka saura. Wa ya kamata ya yi alkawari?"

Na yi. Ina Damagaram ana cire mini yanar ido ya rasu. Kafin in dawo in iya shiga rana, an yi sadakar arba'in, an raba gado.

'Ya'ya uku ya bari, maza biyu da mace ɗaya, uwarsu ta riga shi. Gadon kuwa babu wani abu. Gona tana inda ba mai iya takawa, inji ya tafi. Buta ce, da tabarma, da gafaka. Mutane suka lissafa abin yadda kowa zai lissafa: dattijon da ya bar injin ban ruwa ya gudu da takardu, ai ba ƙaramin abu ke cikin takardun ba. Addu'o'in tsari ne, ko laƙani. Yaran suna karanta Alƙur'ani, amma waƙar Hausa cikin ajami, da irin rubutun ubansu mai gudu, ba su iya ba. Limamin da aka kira ya raba tsoho ne, idonsa ya yi rauni, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ga bismilla da salati a warƙar farko, ya ce ilmi ne, kuma ilmin da ke takarda dukiya ce, ana gadonta. Ya so ya kasa tuli biyar. Ƙaramin ɗan ya ce idan masu ƙarfin suna sama fa, wanda ya sami na ƙasa an cuce shi. Liman ya ga gaskiya ne. Don kada ya ɗauki hakkin kowa, sai ya zauna ya riƙa ɗauka daga sama yana miƙawa: biyu ga babba, biyu ga ƙarami, ɗaya ga mace. Biyu, biyu, ɗaya, har gafakar ta ƙare.

Ranar da babban ɗan ya ba ni wannan labari a rumfar 'yan tattasai, sai da na nemi buhu na zauna. Na zagi liman a zuciyata, sannan na zage shi a fili, har masu awo suka juyo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ni da inda zan kai ƙara. Mutumin bai ci na kowa ba. Ya yi adalcin da ban taɓa jin irinsa ba, kuma da adalcin nan ya yanka waƙar abokina gunduwa-gunduwa. Na roƙi yaron ya ba ni nasa kason, ya ce, "Baba Mushe, abin da tsoho ya bar mini ke nan a duniya." Na yi fushi na tafi, na daɗe ban bi ta rumfar ba.

Shekaru suka wuce a haka, alkawarin yana zaune mini a ƙirji. Sai wata malamar jami'a ta zo daga Yamai. Aikinta bin takardun marubuta, abin da suka rubuta suka soke, da wasiƙun da suka yi wa juna, ta ɗauki hotonsu da na'ura, a aje a ɗakin adana, a mayar wa masu abu abinsu. Wai nawa ta zo nema. Na yi dariya na jawo mata kwalin mai warin kifi. Ta karanta uku ko huɗu, ba ta ko toshe hanci ba, ta ɗago ta ce ina sauran mutumin nan? Na ba ta labari. Ta ce in haɗa abin da zan iya haɗawa, za ta dawo da na'urar bayan damina. Ta ja mini kunne a kan ainihin warƙoƙin, don a gefe-gefensu ne ake ganin inda marubuci ya yi kokawa da baiti, ya soke ya sake.

Yanzu ina da abin da zan faɗa wa magada: aro ne, hoto kawai za a ɗauka. Babban, wanda ke dakon buhu a kasuwar Diffa, ya sa na rantse zan dawo masa da su ranar da ya nema, sannan ya sauko da su daga rufin ɗaki cikin wani tsohon buhun shinkafar tallafi. Ƙaramin yana Barwa, can wajen Bosso, cikin waɗanda aka mayar gida. Na shiga motar kasuwa, muka yi ta sauka muna hawa a shingayen soji har na daina ƙirgawa. Shi ya naɗe nasa a leda ya binne cikin tukunya, don yana tsoron a gan shi da tarin rubutun larabci a hanya a fara yi masa tambayoyin da ba shi da amsarsu. Gara ta ɗan taɓa gefen wasu. Ya ba ni yana kallona kamar na zo neman auren matarsa. Kafin in haɗa nasu wuri ɗaya, na ɗiga wa kowace warƙa alamar mai ita da fensir a kusurwa.

Na shimfiɗa su a ƙasan falo. Na hana shara, na hana kunna fanka a tsakiyar zafin nan, matata ta ce tsufa ya zo mini da hauka. Na riƙa bin kalmomin gindin shafi ina jerawa, kuma da farko har daɗi na ji, don muryarsa ta dawo ɗakin. Warƙa huɗu za su tafi sumul, biyu na babba, biyu na ƙarami. Sai in duba gindin ta huɗun in ga kalma, in nema ko'ina, babu warƙar da ta fara da ita. Wani mutum yana tsakiyar kogi a kan gora, ruwa ya fara juya shi, shafi ya ƙare. Warƙar da ke biye tana wani gari ana dashen tattasai. Ya fita ko bai fita ba, yana hannun 'yar. Haka abin yake daga farko har ƙarshe. Da na kai ƙarshen sai na ga ashe ya kusa cika maganarsa: ruwan ya wuce Bosso, har an fara jin kukan tsuntsayen tafki. A gindin wannan warƙa ma akwai kalma. Rufewar waƙar tana cikin kason macen.

Na kai abin da na jera shagon fotokofi don kada in kwana da fargaba. Injin ya yi abin da ya saba. Wasalin da ya yi da jar tawada ya fito toka-toka, gefen da ya yi gyare-gyare ya yanke, wasu shafukan sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Na karɓa dai, na yi tsaki na aje.

Ita 'yar tana nan bakin kwalta, ba ta koma ko'ina ba. Mijinta ya tafi tafki kamun kifi tun tuni, ba shi ba labarinsa. Damina tana ƙarewa na ɗauki warƙoƙin yayyenta cikin gafaka na tafi, don in jera nata a cikinsu nan take a gabanta, in nuna mata ba cinye mata gado zan yi ba. Wurin ya zama gari, amma garin da ba wanda ya yarda ya kira shi gida. An yi katangun ƙasa, tamfol ya tsufa ya yayyage, ruwan sama ya kwanta a kwazazzabai sauro yana tashi da rana tsaka.

Ta tarbe ni da "Lale, lale, Baba Mushe," ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Na riƙe ta tana jaririya, yanzu ta fi matata alamar tsufa. Muka gaisa, na yi mata gaisuwar rashin da aka yi, don na ji a hanya cewa 'yarta babba ta rasu bara. A cikin bukka wani yaro yana kwance yana numfashi sama-sama. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta yi musu ba, ba ta sa ni rantsuwa ba. Ta shiga ta ɗaga katifa ta fito da ƙunshin zane, ta kwance a gabana.

Takardun suna nan, ba ta yar da ko ɗaya ba. Sun yi tauri, sun yamutse, sun koma ruwan toka. Babu rubutu a jikinsu. Nan da can kana iya ganin inuwar harafi, idan ka karkata takardar wajen haske, shi ke nan.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce, "Na wanke."

Tawadarsa ta gawayi da ƙaro ce, irin wadda ake rubutun sha da ita a allo, ruwa yana taɓa ta take narkewa. Ta ba ni labarin a hankali, tana lissafawa da yatsu. Ta fara wankewa ne lokacin da mijin ya ɓace, tana sha da niyyar Allah ya dawo da shi. Ta sha lokacin naƙudar yaron nan. Sauran duka 'yar ce ta sha. Zazzaɓi ya kama ta, an kai ta likita an ba da ƙwayoyi, ya sauka ya dawo, ya sauka ya dawo. Babur an hana hawansa saboda tsaro, mota ba kullum ba. Kowace safiya sai ta ɗauki warƙa ɗaya ta sa a kwano, ta zuba ruwa, ta ba ta. Ranar da warƙoƙin suka ƙare yarinyar tana da rai, ba ta daɗe ba bayan nan.

Maganganu suka zo mini baki, irin waɗanda na yi wa liman, kuma ina jin suna tasowa. Sai ta zaro wasu takardu daga ƙasan ƙunshin ta miƙo mini da hannu biyu.

Ta ce, "Waɗannan sun ƙi wankuwa. Na jiƙa, na murza, sun ƙi. Ka yi haƙuri, na ɗan ɓata su."

Wasiƙuna ne. Da bik, wato biro, nake rubutu, ruwa ba ya cin bik. Ga zagin da na yi wa hancinsa, ga ƙorafina a kan tsadar sukari, ga baitocina gurgu-gurgu, kowane harafi raɗau. Daga cikin kason nan gaba ɗaya, shirmena ne kaɗai ya tsira. Ban taɓa jin kunyar rubutun hannuna irin ta ranar ba.

Yaron ya yi tari a ciki, ta leƙa ta dawo ta zauna.

Ta ce, "Baba Mushe, kai ka san rubutun Baba. Mi na ba ta ta sha? Addu'a ce, ko?"

Na san abin da ta ba ta. Warƙoƙin da ke gaba da na baya suna cikin gafakar da ke cinyata. Ta ba ta labarin magudana, da ciwon tattasai, da mutumin da ke kan gora, da baitocin sanƙona, da isar ruwa tafki. Na dubi matar nan. Akwai malamai a wurin, masu rubuta ayoyi a allo, da ta je gare su da sun rubuta mata. Ba ta je ba ne don tana da na ubanta, wanda take ganin ya fi na kowa. Idan na faɗi gaskiya, da wannan tunanin za ta kwana har ta mutu.

Na ce, "Addu'a ce."

Ta ce, "Mai ƙarfi?"

Na ce, "Mai ƙarfi. Kwananta ne ya ƙare."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, amma irin kukan wanda aka sauke wa kaya. Ta yi ta hamdala. Ni ma na ji sanyi a raina, har na ɗauka na yi abin kirki na gama. Da ta share ido sai ta dubi gafakar.

Ta ce, "Na yayyena ne a ciki?"

Na ce su ne.

Ta ce, "To ka taimake ni da guda biyu. Yaron nan ya kwana uku jikinsa kamar wuta."

Na ce likita za mu kai shi, yanzu ma, ni zan tare mota. Ta ce to, za mu je, amma ya sha na kakansa tukuna. Kafin in sake buɗe baki ta ɗauko kwanon sha ta zuba ruwa, ta tsuguna a gabana tana jira. Me zan ce mata? Ni ne yanzun nan na ce addu'a ce mai ƙarfi. Wane irin mutum ne zai zauna da addu'a mai ƙarfi a cinya, jikan mai ita yana ƙonewa a ɗaki, ya ce ta ɗakin adana ce?

Na kwance gafakar. Na daɗe ina juya warƙoƙin, ina neman waɗanda zan iya rabuwa da su, kuma babu. Daga ƙarshe na zaro biyu daga kason babban, inda ake maganar dashe. Ta sa su a kwanon, ta motsa da yatsa. Baƙin ya tashi daga takardar ya bazu a ruwan, jan wasalin ya bi shi. Ina kallo hannun abokina ya narke. Ta tallafi kan yaron ta ba shi, ya sha yana yamutsa fuska.

Muka tare wata motar itace ta kai mu likita. Zazzaɓin sauro ne, aka yi masa allura, aka ba da magani, aka ce mun zo a kan lokaci. Yaron ya tashi. Na yi murna, kuma har gobe ina murna. Amma uwar ba allura ta riƙa ambata ba. Duk wadda ta zo barka sai ta gaya mata rubutun Baba ne, kuma mushen da ya iya karanta shi da bakinsa ya ce addu'a ce mai ƙarfi.

Malamar Yamai ba ta zo bayan damina ba. Hanya ta ɓaci, ta yi waya ta ce sai an ɗan kwana biyu. Magadan ba su jira hanya ba. Wata safiya na ji sallama, na fito na ga su biyun a ƙofar gidana, na Barwa ko ƙurar mota bai kakkaɓe ba. Na shigo da su, aka kawo shayi, na yi ta kewaye-kewaye. Na roƙe su su ƙara mini wata ɗaya.

Babban ya ce, "Baba Mushe, ka rantse ranar da na nema za ka ba ni. Matata tana da ciki, kuma cikin yana ba ta wahala. Biyun da ka ba ƙanwata na yafe, ɗanta ɗana ne."

Ƙaramin ya ce, "Mu a Barwa ba mu san abin da gobe za ta kawo ba. Ka riƙe mana tsari a Diffa, mu muna can hannu wofi?"

Na ce musu akwai waƙa a ciki, aikin ubanku na shekaru, har da tarihin garinku. Babban ya ce ai sun sani, manyan malamai a waƙe suke ɓoye addu'a. Na buɗe baki in faɗi sauran, na tuna duk abin da na faɗa a falon nan kafin la'asar ya isa bakin kwalta. Na rufe bakina. Na zauna a ƙasa, na bi alamar fensir, na wargaza jerin da na yi da hannuna, na tura wa kowa nasa. Suka yi godiya sosai, suka sa mini albarka, ƙaramin har ya bar mini ƙullin busasshen kifi.

Da malamar ta zo daga baya, kwalina na ba ta, da fotokofin nan mai toka-toka, da wasiƙuna da suka ƙi wankuwa. Ta ɗauki hoton duka, har da warƙoƙin da babu komai a jikinsu, waɗanda na aro daga wurin 'yar na mayar. Abin da ke ɗakin adana yanzu waƙa ce mai giɓi bayan kowace warƙa huɗu, ba gefe, ba ƙarshe.

Ina bi ta rumfar 'yan tattasai wani lokaci. Babban yana aje buhu ya zo ya gaishe ni har ƙasa. Matarsa ta sauka lafiya. Yana ba ni labarin yadda ake zuwa gidansa roƙon warƙa, mai ciwon ciki, mai neman ɗan da ya ɓace, mai shirin komawa gona bakin kogi, kuma ba ya iya hana kowa. Ran nan ya ce mini kason nasa saura kaɗan, ya tambaye ni ko akwai wadda ta fi ƙarfi da ya kamata ya rage wa kansa. Na ce duk ɗaya suke. Ni na ce addu'a ce, kuma ba ni da bakin janye maganar, don ranar da na janye ta sai in shiga mota in koma bakin kwalta, in gaya wa uwar nan abin da 'yarta ta sha.